Aron Murya

Kwaɗo uku mahaifina yake sa wa shagon nan,
ya jijjiga kowanne, ya tofa masa addu'a,
sannan ya hau kekensa ya nufi Ƙofar Doka.
Na gaji shagon, na gaji kwaɗunan,
na ƙara da maigadi mai gora da usur.
Shekara goma sha tara a Tudun Wada,
ko ƙyalle ba a taɓa ɗauke mini ba.

Ranar Talata, bayan la'asar,
ina auna wa wata malamar asibiti shadda yadi huɗu,
waya ta yi ƙara.
Alhaji Sammani ne na Kwari,
wanda nake sari a wajensa tun gemuna yana baƙi.
Muryarsa ce. Har 'yar shaƙewar nan
da goro ya bar masa a maƙoshi,
har tarin da yake yi kafin ya ambaci kuɗi.
Ya ce asusunsa ya sami tangarɗa,
ga sabuwar lamba, in tura cikon dila biyu
kafin direba ya bar tasha.

Na rubuta lambar.
Babban yatsana ya tsaya a kan gilashi,
saura ƙiris.
Sai wani abu ya ƙi kwanta mini a rai.

Ya gaishe ni da ladabi.
Ya ce da ni Malam Hudu.
Sammani kuwa Bakano ne na ƙin ƙarawa,
bai taɓa buɗe baki bai tsokane ni ba:
"Bazazzagi, boko ya bar ka ka yi ciniki yau?"
in ce, "Bakano, kuɗi ya bar ka ka yi sallah?"
Shekaru muna haka. Yau sai ladabi?

Na ce, "Alhaji, yaya ƙafar taka?"
Ya ce, "Da sauƙi, an gode Allah."

Ƙafar Sammani lafiyarta lau.

Na kashe, na kira tsohuwar lamba.
Na ji hayaniyar kasuwa, na ji yana tauna:
"Bazazzagi, wa ya mutu?"
Ban taɓa jin daɗin tsiya kamar ranar ba.

Da dare Jazuli, ɗan ƙanwata mai karatu a Samaru,
ya ce sunanta ƙirƙirarriyar basira.
Tallan atamfar da Alhaji ke turo mana da murya,
minti ɗaya ya ishe ta ta haɗiye mutum
ta amayo shi da duk abin da aka sa ta faɗa.
Ba ta barci, ba ta jin kunya,
shago dubu take ƙwanƙwasawa kafin shayi ya huce.
Ya ce a banki ma irinta ce ke gadi,
tana sansana kuɗin da suka bi baƙuwar hanya.
Na ce: wato kura da kare nono ɗaya suka sha?
Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Don Tabawa, mai kantin zare a gefena,
ɗanta ta ji yana kuka daga hanyar Kaduna.
Jarin shekara shida ta tura.
Yaron yana aji, yana rubuta jarrabawa.
Yanzu ko sallama aka yi mata a waya
sai ta yi shiru, kamar mai jin motsi a rufi.

Na shiga mota na je Kano.
Na raɗa wa Sammani kalma ɗaya a kunne,
ya raɗa mini tasa.
Ba ta kan takarda, ba ta cikin waya.
Kwaɗo na huɗu ke nan.

Har yanzu da magariba nakan jijjiga ukun,
in tofa addu'a kamar yadda na gani,
sannan in tofa wa aljihuna.
Abin da ke hana ni barci ɗaya ne:
ranar da za ta koyi tsokana.